Mayafin Maharbiya

Bari in tona wa kaina asiri tun daga farko, tunda ba wanda zai yi min shi da kyau kamar ni. Ni ɗin nan, da farin gemuna, da gwiwoyin da ke ƙara in na tashi daga sujada, na taɓa shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, da kwalin ƴan mutum-mutumin roba a cikin buhun shinkafa, na rungume shi kamar mai ɗauke da kayan sata. A Château Rouge wata Hajiya da ta saba sayen shadda a wurinmu ta gan ni, ta ce, "Malam, yau kai ne da cefane?" Na ce mata maganin ciwon baya ne. Ta ce in ya yi min aiki in gaya mata sunansa, maigidanta ma yana fama. Na ce to, Hajiya, sai na gwada.

Ban yi karatu ba. An kai ni lakwal a Damagaram, na zauna har na gane bulalar malamin ta fi ƙarfin bayana, na gudu kasuwa. Ɗan rubutun da na iya, ragowar wancan ne da abin da na tsinta a jikin allunan metiro. In kun ga maganata ta karkace, ku bi ta a karkace.

Aikina a Paris awon yadi ne. Na tsufa a butik ɗin wani Alhaji ɗan Maraɗi, ina auna shadda da atamfa da leshi, ina rantse wa kowace mace cewa launin nan don ita aka yi shi. Bakina ba ya hutawa. Na tsokani masu kitso, na tsokani mahauta, har ɗan sandan da ke korar masu talla a bakin titi na tsokana da guntun Faransancina, ya yi dariya ya wuce. Mutum ɗaya ce a duniya ban taɓa tsokana ba, ɗiyata ta fari.

A wajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa. Ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a wasa da shi, in an yabe shi sai ka kau da kai kamar ba ka ji ba. Kunya ce. Haka mahaifina ya yi wa yayana, kuma yayana bai rasa komai ba, don akwai kaka, akwai gwaggo, akwai kawu, kowa na jiran a miƙa masa yaron. Ni kuwa na ɗauko al'adar na kawo ta Clichy-sous-Bois, can saman bene, na baro kakannin a gida. Uwar yara ba ta yi mako da haihuwa ba ta ajiye tata kunyar. Ta ce ita ba za ta iya ba, nan in ba ta ɗauki yarinyar ba bango ne zai ɗauke ta? Ni na riƙe tawa kam, don a ganina sai an samu mutum ɗaya a gidan da bai lalace ba.

To haka muka zauna. Yarinyar tana gabana tana cin abinci, sai in ce wa uwarta, "Ki gaya wa yarinyar nan gobe akwai sanyi, ta sa riga mai nauyi." Uwar ta juya ta ce, "Kin ji dai." Ita kuma ta ce, "Na ji, Papa," idonta a kan faranti. Ƙanenta kuwa a wuyana ya girma. Mun yi kokawa a falo har maƙwabcin ƙasa ya riƙa buga silin ɗinsa da sandar tsintsiya.

Da Allah ya karɓi uwar yara, sai na ga ashe tafinta na rasa, ba mata kaɗai ba. Lokacin yarinyar ta riga ta koma Lyon, tana aiki a kantin magani, ta auri wani mutumin arewacin Kamaru, mai haƙuri, mai Hausar kasuwa. Ranar Juma'a sai ta kira ni a waya. Ina wuni, lafiya lau, yaya sanyi, da godiya, yaya ƙafa, da sauƙi, yaya mutanen gidan. Daga nan sai mu tsaya, ina jin numfashinta, tana jin nawa. Ni da nake iya tsayar da mace a butik da surutu har ta manta abin da ta zo saya, sai in ce, "To madalla," ta ce, "To Papa, sai an jima." In ajiye wayar in zauna ina duban ta.

Wata ƙaramar Salla suka matsa na je wurinsu a Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon. A falonsu na ga wani kabad na gilashi cike da ƴan ƙananan halittu, kowanne bai fi yatsa ba. Mayaƙa da takubba, dodanni masu haure, wasu gajeru masu gemu har ciki, da wani ƙaton ƙadangare mai fukafukai ya buɗe baki. An shafa musu fenti da kyau har kana ganin tsatsar takobi da ɗinkin takalmi. Na manta da surukuta, na ce wa mijinta, "Malam, wa ke bautar gumaka a gidan nan?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Baba, ba nawa ba ne. Nata ne. Wasa ake da su, a jera su a tebur kamar yaƙi, a jefa ɗan lido. Amma ita fentin ta fi so. Ta daɗe tana yi."

Ta daɗe tana yi, ni ban sani ba.

Ranar Lahadi da la'asar na fito ɗaukar ruwa, na tsaya a ƙofar kicin. Tana zaune a tebur, fitila a kanta, ɗan mutum-mutumi a hannun hagu, buroshi siriri kamar gashin ido a dama. Mijinta na gefe yana kankare wani da ƴar wuƙa, wata maƙwabciyarsu Bafaranshiya tana nata. Hira suke, suna dariya, ba mai duban wani, kowa idonsa a hannunsa. Ita kuwa ta ɗan turo harshe tsakanin haƙora, daidai yadda uwarta ke yi in tana zura zare a allura. Ban taɓa jin tana magana da yawa haka ba. Na tsaya da kofi a hannu har ta ɗago ta ce, "Papa, kana son wani abu?" Na ce a'a, ruwa ne, na samu.

A jirgin komawa Paris abin da ke raina ke nan. Ga zama da ba ya bukatar a dubi juna. In da na iya aikin nan, ai sai in zauna a teburin nan, idona a hannuna, kunyata ba ta taɓu ba, in ji muryarta har magariba. Wannan dabara ta yi min daɗi ƙwarai, har na ji ni mai wayo ne.

Na yi ta tambaya har aka kwatanta min kantin da ake sayar da su. Mai kantin wani Bafaranshe ne mai tumbi, ya ɗaure furfurarsa ta baya kamar wutsiyar akuya. Na ce masa jikana nake saya wa. Ya ce shekarunsa nawa? Na ce ya girma. Ya ce ya taɓa yi? Na ce bai taɓa ba, kuma hannunsa na ɗan rawa, idonsa ma ba ya gani sosai. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Jikan nan naka yana bukatar fitila mai haske da haƙuri." Ya haɗa min kwalin mayaƙa da buroshi da gam. Ya kawo wasu ƴan kwalaben fenti ƙanana kamar na turare, na ce ya bar su, akwai fenti a gida. Ya buɗe baki zai yi magana, na riga na kai ƙofa. A ranar ne na haɗu da Hajiya.

Fentin da nake nufi, ragowar wanda muka shafa wa ƙofar butik ne, kore, mai mai. Na tsoma buroshi na lafta wa mayaƙin farko. Da na gama ba ido, ba hanci, ba takobi. Dunƙule ne kore kamar an jefa ƙuli-ƙuli a miyar kuka. Ya kwana bai bushe ba, ya sake kwana, ɗakina na warin ƙofa. Na yi wa ƴan'uwansa biyu haka kafin na yarda laifin ba nasu ba ne.

Na koma wurin mai wutsiya. Na ajiye dunƙulen a gabansa. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Jikanka mai ƙarfin hali ne." Sannan ya zaunar da ni a wani tebur a bayan kantin ya nuna min. Da farko a fesa musu fentin shimfiɗa, baƙi ko fari, don sauran ya kama. Fentin kuma a tsinka shi da ruwa har ya zama kamar madara. A shafa, ya bushe, a sake shafawa. In ka ga kamar bai yi komai ba, to daidai ne. Wannan ya ba ni wahala fiye da komai. Ni mutum ne da ya saba in ya yi abu a gani nan take.

Sai hannu. Ban san hannuna na rawa haka ba sai da na nufi idon mutum-mutumi da buroshi. Wajen awon yadi ba ya nunawa. Ido ɗaya ya dubi gabas, ɗayan ya dubi kasuwa. Wani na yi masa ido har kunne. Na koyi haɗa gindin tafukan hannuna biyu, in dafa gwiwar hannu a tebur, in riƙe numfashi. Wani lokaci in riƙe har in ga duhu-duhu, sannan in ɗiga ɗigon a goshi.

In lokacin salla ya yi sai in lulluɓe su da ƙyallen atamfa. Ban tambayi malami ba, don na san in na tambaya zan samu amsa.

Mahaucin da ke kusa da butik ɗinmu Bakano ne, abokin wasana, kullum sai mun taɓa. Shi ya fara ganin fenti a ƙarƙashin farcena. Ya ce, "Kai Badamagare, lalle ka fara sawa? Wace ce amaryar?"

Na ce, "Sana'a na koyo, ba irin taka ta ƙuda ba."

Bai bar ni ba sai da na fito da ɗaya daga aljihu, wani gajere mai gatari wanda a ganina ya yi kyau. Ya goge hannu a gaban rigarsa, ya karɓa, ya kai shi kusa da ido. Ya ce, "Wallahi kamarku ɗaya. Har harararsa taka ce." Ya kira yaran shagonsa su zo su ga abin da tsufa ke yi wa mutanen Damagaram. Da suka watse sai ya rage murya ya ce, "Tsakani da Allah, mene ne wannan?"

Na ce, "Yarinyar nan ce ke yi, ta Lyon."

Bai ƙara tsokanata a kai ba. Shi ma yana da ɗan fari a Kano. Ya miƙo min gajeren ya ce, "Gyara masa idon hagu."

Da sanyi ya shigo na ga na isa in yi wani abu na kirki. A kantin na zaɓi wata maharbiya, tana tsaye a kan dutse, ta ja baka, ga kwari a baya, ga mayafi mai faɗi iska ta kwashe shi gefe. Mayafin ne ya ja ni. A jikin kwalin kore suka yi masa. Ni kuwa da na gan shi, mayafin uwar yara na gani, wanda ta zo da shi daga gida, baƙin rini wanda ya sha bugu, in haske ya taɓa shi sai ya yi wani shuɗi mai ja-ja kamar wuyan tattabara. Shi take yafawa ranar suna da ranar Salla, yana bar mata shuɗi a wuya. Yarinyar tana ƙarama takan shige cikinsa ta fito da hanci shuɗi. Na ce in ta ga launin nan za ta gane, ba sai na ce komai ba.

Launin nan ya wahalar da ni. In na sa baƙi ya mutu, in na sa shuɗi ya zama rigar ɗan sanda. Na haɗa da ja ya zama kunun zoɓo. Yadi na sani, na san yadda haske ke kwanciya a kan ninki, amma sanin ido daban, hannu daban. Kullum in na dawo daga butik sai in zauna kafin magariba in ƙara shafa ɗaya. Wata rana na ɗaga ta wajen taga, sai ga shi. Ba duka ba, a ninki ɗaya ne kawai wajen kafaɗa, amma shi ne. Na ajiye ta a hankali na fita falo na zagaya na dawo na sake dubawa, ko idona ne. Yana nan. Na zauna a bakin gado na daɗe.

Saura werni, man da ake fesawa a ƙarshe don kada fenti ya goge. Mai kantin ya gaya min kada in fesa ranar da ake ruwa ko sanyi mai laima. Na ji shi sarai. Amma ɗoki ya hana ni jira, kuma a Paris in ka ce sai rana ta fito, sai ka jira har bazara. Na fita baranda ana yayyafi na fesa. Ina kallo ta fara fari. Kafin in koma ɗaki ta zama kamar an tsoma ta a garin rogo, mayafin, fuskar, duka.

Ban taɓa buroshi ba har sanyin ya fara raguwa. Na mayar da komai cikin buhun shinkafa na tura ƙarƙashin gado. Juma'a ta zo, ta kira, muka yi yaya ƙafa da sauƙi, muka yi shirunmu. Wata Juma'ar ma haka. Ana cikin shirun ne wata rana na ji ƙarar buroshi a jikin kofi, ƙil-ƙil-ƙil, tana wanke shi. Ashe tana fenti tana waya da ni. Da muka ajiye na durƙusa na jawo buhun.

Mai kantin ya ba ni ruwan da ake jiƙa su a ciki fenti ya saki. Na jiƙa ta, na goge da tsohon buroshin haƙori, garin gogewa na karya mata baka. Na manna da gam, na manna yatsuna biyu tare da shi, na je butik washegari ina auna yadi da yatsu a haɗe, Alhaji na tambayata ko sabon tasbihi ne. Na sake farawa daga fentin shimfiɗa. Na biyun bai kai na farko ba. Ninkin nan na kafaɗa bai dawo yadda yake ba, ya dai yi kusa. Bakan ya ɗan karkace, fuskar kamar wadda aka tasa daga barci. Amma mayafin, in ka san abin da kake nema, za ka gan shi.

Na naɗe ta a ƙyalle na sa a gwangwanin shayi, na hau jirgi zuwa Lyon.

A hanya na shirya maganar. Ga wannan. Ko kuma, duba abin da na yi. Da na isa gidan ta buɗe ƙofa ta durƙusa ta gaishe ni, sai maganar ta koma ciki. Yaya zan miƙa wa ƴar fari kyauta hannu da hannu, abin da na ɓata watanni ina yi dominta? Ai daidai yake da in tsaya a tsakar gida in yi shela. A gida sai a ba wani ya kai. Wa zan ba? Mijinta surukina ne, shi ma da tasa kunyar. Mai kai saƙon tana kwance a maƙabarta.

Sai wayona ya sake kawo min shawara. Da safe suna wurin aiki, na buɗe kabad ɗin gilashi na ajiye maharbiyar a tsakanin nata, can gefe kusa da ƙadangaren. Na ce za ta gani, ta gane mayafin, ta gane hannun, shi ke nan an gama magana ba a yi ta ba. Na zauna a falo ina jira kamar mai tarko. Ta dawo ta wuce kabad ɗin. Washegari ma ta wuce. Ranar Asabar na fita masallacin unguwar na yi azahar, na tsaya hira da wasu ƴan Chadi. Da na dawo na leƙa kabad, babu maharbiya. Na ce ta gani.

Na shiga kicin. A gefen wurin wanke-wanke akwai kwalba mai faɗin baki, irin ta zuma, cike da ruwan nan da na sani. Maharbiyata na ciki, kai a ƙasa. Shuɗin yana tashi daga mayafin a hankali kamar hayaƙi, ruwan ya fara rinewa.

Tana yanka albasa, ta ga ina kallo, ta ce, "Wata tsohuwa ce, Papa. Ina jin cikin na hannu da maigidana yake sayowa ta fito. Wanda ya yi ta ya yi ƙoƙari, amma fentin ya yi kauri. Zan sake ta."

Na ce, "To madalla."

Na koma falo na zauna. Dariya ta so kama ni, na danne ta, ta zama tari. Mijinta ya kawo min ruwa. Da na karɓi kofin sai ya tsaya yana duban yatsuna. Shuɗin nan ba ya fita daga gefen farce, ko ka goge da me. Ya dubi ƙofar kicin, ya sake duban hannuna. Ya ce a hankali, "Baba, ni ban sayo wata maharbiya ba."

Na ce, "Malam, ruwan nan ya yi sanyi da yawa."

Ya tashi ya shiga kicin ya jawo ƙofa. Na ji ƙarar wuƙa ta tsaya. Na ji ana zubar da ruwa da sauri, ana buɗe famfo. A wajen cin abinci ba wanda ya ɗaga maganar. Idonta ya yi ja, na bar shi a kan albasa.

Ranar Lahadi da la'asar mijin ya ce zai je duba mota, motar da ba abin da ya same ta. Maƙwabciyar ma ba ta zo ba. Ina falo sai na ji ta ce daga kicin, ba ta leƙo ba, "Papa, fitilar nan ta isa mutum biyu."

Na shiga. Ta ajiye kujera kusa da tata. Ga maharbiyar a tebur, an wanke ta, toka-toka, sai ɗan shuɗi da ya maƙale a cikin ninki. Ta riga ta fesa mata shimfiɗa a fuska da hannuwa, ta bar mayafin. Ta turo min kwalaben fenti ta ce, "Ni ban san yadda ka haɗa launin mayafin ba. Na gwada da safe bai fito ba."

Na zauna. Na ce baƙi kaɗan, shuɗi, sai ja kamar na ɗigon ido. Ban dube ta ba, ita ma ba ta dube ni ba. Ta ɗauki wani dodo tana yi masa haƙora. Da na kai buroshi sai hannun ya fara halinsa, ya ma fi na kullum. Ta ajiye dodon ta kama wuyan hannuna ta dafa shi a gefen tebur, ta ce, "Nan za ka jingina, ba gwiwar hannu ba. Dusma, Papa, a hankali." Hannunta da ɗumi. Rabon da fatarta ta taɓa tawa, in ba gaisuwa ba, na kasa tunawa.

Ta yi ta magana, rabi Hausa rabi Faransanci. Ta ba ni labarin wata tsohuwa da ke zuwa kantinsu kullum a auna mata jini don kawai ta samu abokin hira. Ta ce ta tuna mayafin, har warinsa ta tuna, ta tambaye ni ina yake. Na ce yana cikin akwati a Clichy. Na ba ta labarin fentin ƙofa, ta yi dariya har ta ɓata haƙoran dodon. Wannan ce tsokana ta farko da na taɓa yi a gabanta don ita, kuma kaina na tsokana. Muka kai har hasken taga ya tafi. Ba mu gama mayafin ba, shafa biyu kawai ya samu.

Maharbiyar tana can Lyon, rabi da fenti. Ta ce ba za ta taɓa ta ba sai na dawo. Ina zuwa in ƙafa ta bari, mu ƙara shafa ɗaya ko biyu, ni kuma ba na sauri. A waya har yanzu yaya sanyi ne da yaya ƙafa, sai dai wani lokaci in ce mata na ɓata wani gajere, ta ce in tsinka fentin. Sunanta kuwa har yau bai fita daga bakina ba. Na gwada ni kaɗai a ɗaki, harshen ya ƙi.

Washegarin Lahadin nan ita ta raka ni gar, tashar jirgin ƙasa. Ta riƙe min jaka har bakin jirgi, ta gyara min wuyan kwat kamar yadda uwarta ke yi. Mutane na shiga, ana sanarwa. Na sa ƙafa ɗaya a matakala, sai ta yi magana tana duban jakar, ba ni ba. Na ji ta sarai. Na shiga na nemi kujerata na zauna, na yi ta shirya amsa har Paris, kuma ina kan shiryawa.

Ta ce, "Na san kunya ce, Papa. Maman ta gaya min tun ina ƙarama. So nake dai wata rana in ji daga bakinka cewa ba wani laifi na yi ba."